Kwandon Inabi na Bakwai

Duk wanda ya daɗe a Aƙiƙ, a gefen Madina, ya san Ammi Abdussamad, wato Baffa Abdussamad. In bai san sunansa ba to ya san muryarsa, don mutum ne da bai iya magana a hankali ba, ko gaisuwa yake yi sai ka ɗauka rigima ce. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana aikin mazra'a, gonar dabinon wasu mutane da ke bakin kwari. Shi ke hawa sama ya ɗaura wa macen dabino furen namiji, shi ke sassabe, shi ke sakin ruwa. A gindin rijiyar gonar akwai rumfar inabi da mahaifinsa ya dasa, ita ce 'yar lelensa. Ranar da magada suka sayar da gonar, a kan idonsa katafila ta tuge rumfar nan kafin shayi ya huce. Yanzu wurin ajiye motoci ne. Har gobe in aka bi da shi ta nan sai ya kau da kai ya ja tsaki.

Abu biyu yake tinƙaho da su. Na farko hannunsa. Yakan buɗe tafin, duk ƙayar dabino ta tsattsage shi, ya ce, "Wannan ne zai yi magana ranar da aka rufe baki, kuma ba na tsoron abin da zai faɗa." Na biyu, in ka cire Hajji da Umra, bai taɓa kwana a wajen Madina ba. Kakansa shekara bakwai ya yi a hanya daga Damagaram, a ƙafa, yana ƙwadago a gonakin Sudan yana ƙara gaba, ba don komai ba sai don a binne shi a Baƙi'a, maƙabartar da ke jikin Masallacin Annabi. An binne shi a can, an binne ɗansa. Saura jika. In aka ce da Abdussamad ya zo a je Jidda a sha iskar teku, sai ya zaro ido ya ce, "In ajali ya riske ni a can fa? Wahalar kakana ta tashi a banza ke nan?"

To yaya aka yi irin wannan mutum ya tsinci kansa a jirgin ruwa, a wani kogi na ƙasar Fotugal? Aikin Suhaib ne.

Suhaib shi ne babban ɗansa, injiniya ne, ya yi karatu a waje, Turanci ba ya ba shi wahala. Shekara goma ke nan shi ne kunnen ubansa. Takardar asibiti, kwalin magani, duk abin da ya zo da rubutun Nasara, Suhaib ake miƙa wa. Uba ya yi masa Hausa, shi ya amsa masa da Larabci, haka suke tun yana ƙarami. Bayan Hajjin bara ciwon ciki ya matsa wa tsohon, ya rame har jallabiyarsa ta yi masa yawa. Aka je asibiti aka ɗauki hoto. Likitan baƙo ne, Larabcinsa guntu-guntu, sai ya juya wajen Suhaib ya yi ta zuba Turanci, ya daɗe yana zubawa. Da suka fito uban ya ce, "Me ya ce?"

"Ma fi shai, Abuya. Ba komai. Gajiya ce, ya ce ka huta ka canza iska."

Ba a yi wata biyu ba Suhaib ya zo da hotuna a waya: duwatsu hawa-hawa, daga bakin ruwa har sama duk inabi. Tsoho ya riƙe wayar ya kasa mayarwa. Shekara tara rabonsa da ya taɓa reshen inabi mai rai. Ya ce, "Likita dai ya ce lafiyata lau?" Suhaib ya ce lau. Matarsa Ƙaltume, wadda ciwon gwiwa ya hana ta bin su, ta ce, "Haba Abu Suhaib, kwana takwas ne fa, ba hijira ba." A kan wannan kalma ta ɗansa ya fita daga Madina. Ba a kan komai ba.

Kwana biyun farko a jirgin da ƙyar ya cinye su. Ɗakin kamar akwati. Fasinjojin duk tsofaffin Turawa ne jajur, kowa da gajeren wando, ba sa cin abinci sai da kwalba a gaba. Shi wannan bai ba shi mamaki ba, ya san halin Nasara. Ya juya kujerarsa ta fuskanci taga, ya ci kifinsa da burodi, ya ce kowa da kiwon da ya karɓe shi. Amma shi ba yaro ba ne. Da ya ga duwatsun inabin nan sun ƙi ƙarewa, sai ya kira Suhaib saman jirgi ya tambaye shi ƙiri-ƙiri.

"Wannan inabin na ci ne, ko na wancan abin da ke kwalabensu?"

Suhaib ya kalli ruwa. "Na ci ne, Abuya. Zabibi suke yi da shi, da asir, ruwan inabi irin namu na kanti. Na giya yana can wani yanki."

Ku riƙe wannan amsa. Don wallahi ba kuskuren fassara ba ne, ƙarya ce tsagwaronta.

Rana ta uku ita ce ranar sauka. Tun da hantsi jirgi ya tsaya a wani ƙaramin gari, aka rataya wa kowa ɗan rediyo a wuya, aka liƙa musu lamba a ƙirji. Wata doguwar mata mai jagora ta ɗaga tuta, suka bi ta ɗuu. Abdussamad ya sha ganin ana kora alhazai haka a gindin Uhudu yana tausaya musu, yau ga shi da lamba goma sha huɗu kamar ragon layya. Aka shiga coci, ya tsaya a waje ƙarƙashin wata bishiya yana mita. Aka hau bas aka tafi wani tudu a ɗauki hoto, hanyar sai murɗewa take, cikinsa ma na murɗawa, ya daure bai faɗa ba. Ya cire rediyon ya cusa a aljihu, tunda ko ya saurara ba ji zai yi ba. Duk abin da matar ta faɗa, sai abin da Suhaib ya ga dama ya tsakuro masa.

Wajen azahar bas ta shiga wata gona, nan take fuskar tsohon ta sake. Layi-layi na inabi, ganye ya fara ja, nonna sun yi baƙi sun rataye. Ya sauka kafin kowa. Ya tsuguna ya ɗebi ƙasa ya murza, ya ce duk tsakuwa ce, Allah sarki. Mai gonar wata tsohuwa ce gajeriya mai baƙin ɗankwali, hannunta irin nasa. Ya ciro kwalin dabinon ajwa da ya taho da shi daga gida ya miƙa mata da hannu biyu, don a wajensu ba a shiga gonar mutum hannu rabbana. Ta ci ɗaya, ta lumshe ido, ta yanko nono guda na inabi ta ba shi. Ya yi bisimilla ya ci.

Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. 'Ya'yan ƙanana ne, fatar kauri, ƙwallo cike da ciki, ga zaƙi har da ɗaci-ɗaci. Wa zai sayi wannan a kasuwa? Da zuciyarsa ta raya masa wani abu sai ya tuna ya riga ya tambaya an ba shi amsa. Ya ce to rashin sanin aiki ne, mutanen nan ba su iya ba. Tausayi ya kama shi.

"Faɗa mata," ya ce da Suhaib, "tun nono yana ƙarami ake rage masa 'ya'ya da almakashi, a bar rabi, sai su yi manya kamar babban yatsa. Kuma ta ƙara ruwa, itacen nan ƙishirwa yake ji. Faɗa mata haka ubana yake yi a Aƙiƙ."

Suhaib ya yi wata gajeruwar magana da mai jagora, ita kuma ta juya wa tsohuwar da yarensu. Aka yi dariya, har da tafi. Abdussamad ya ɗauka ilmi suka gani, ya ƙara buɗe murya ya yi musu darasi na biyu a kan yadda ake kafa rumfa. Abin da Suhaib ya faɗa musu kuwa, Allah kaɗai ya sani.

Sai aka raba wa baƙin almakashi da kwanduna, wai kowa ya yanki nono biyu uku a ɗauke shi hoto. Wasa ne na 'yan yawon buɗe ido. Amma wa ya gaya wa Abdussamad ana wasa da girbi? Ya ci daga gonar mutane, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ya naɗe hannun jallabiya, ya ɗaure rawaninsa a ƙugu, ya shiga layi. Hannun ya tuna aikinsa. Kafin Turawa su gama gyara hula ya cika kwando, ya saɓa a kafaɗa, ya kai bakin tarakta ya juye.

Suhaib ya biyo shi fuska a rikice. "Abuya, halas, ya isa. Kada ka ɗauki nauyi. Don Allah ajiye."

"Matsa ka ba ni wuri! Kunya kake ji ubanka lebura ne? Da wannan kafaɗar aka biya maka Turancin."

Ya cika na biyu, ya cika na uku. Ma'aikatan gonar suka daina aiki suna kallonsa, ɗaya ya ɗaga masa babban yatsa. Kowane nono ya yanka sai ya yi bisimilla, haka ubansa ya koya masa. Gumi ya jiƙa shi sharkaf, gefen cikinsa na suka, amma rabon da ya ji daɗi irin haka tun kafin katafila. Kwando shida ya juye a tarakta. Na bakwai yana kafaɗarsa lokacin da mai jagora ta ɗaga tuta, ta nufi wani dogon gini na dutse. Taraktar ma can ta nufa, don haka ya bi da kayansa.

Tun daga bakin ƙofa hancinsa ya gaya masa. Wanda ya yi shekara arba'in a gona ya san warin ɗan itacen da ya juya, ya sha shaƙar sa a ramin da ake zuba ruɓaɓɓen dabino. Ruwa ba ya tsami banza. Ya shiga. Ga manyan gangunan katako jere har ƙarshen ɗaki. Ga wani tafkeken kwarmi na dutse, ana juye abin da ke cikin taraktar a ciki. Wani yana kaɗa molo, Turawa sun tuɓe takalma sun faɗa ciki suna tattakawa suna shewa, jan ruwa har ƙwaurinsu. A kan tebur kuma an jera ƙananan kofunan gilashi, wata yarinya tana tsiyayawa daga irin kwalbar da yake juya wa baya a jirgi.

Bai tambayi Suhaib ba. Ya nuna wa tsohuwar kwarmin, ya nuna kwalbar. Ta gyaɗa kai da fara'a, har tana dafa ƙirji, ita a dole abin alfaharinta ne.

Jama'a, ya za a yi da mutumin da tun yana allo ya haddace cewa ba mai sha kaɗai aka la'anta ba, har da mai matsewa da mai ɗauka? Ga shi tsaye da kwando a kafaɗa. Da bisimilla ya yanko, da hannun nan da yake buɗe wa 'ya'yansa.

"Suhaib!"

Mai molo ya tsaya. Ɗakin dutse ne, muryar ta daki bango ta dawo.

"Wannan ne zabibin? Wannan ne asir ɗin kanti? Munafuki! Na tambaye ka ko ban tambaye ka ba? Ka dubi idona ka shara mini ƙarya, ka bar ni ina koya wa masu giya yadda ake noman inabin ci, suna yi mini dariya kamar mahaukacin kasuwa! Kana tsaye na ɗauki ɗaya, na ɗauki biyu, har shida, bakinka ya mutu?"

"Abuya, na ce ka ajiye..."

"Ka ce in ajiye! Ka ce mini don me? Kalma ɗaya ce, hamar, giya. Ko ita ma sai da Turanci?"

Suhaib ya rage murya, yana satar kallon mutane. Ya ce ba laifi a kan wanda bai sani ba, kowane malami zai gaya masa haka. Ya ce so yake kawai ya ga ubansa a cikin inabi sau ɗaya, ya ga ya yi dariya, kuma da ya faɗi gaskiya ba zai zo ba.

"Au, fatawa za ka ba ni? Ni ban san ba laifina ba ne? Laifin naka ne, kuma shi ya fi ƙona mini rai. Da ɗan wani ne ya yi mini da sauƙi."

Ya juya ya fita da kwandonsa. Wani ma'aikaci ya miƙo hannu zai karɓa, tsohon ya daka masa tsawa da Hausa, mutumin ya ja da baya ba tare da tafinta ba. Shida sun tafi, ba yadda zai yi, amma wannan ɗin ba za a taka shi ba. Mai gonar ta biyo shi har bakin bas, ba ta san me ta yi ba, kwalin ajwa na rungume a ƙirjinta. Ya dube ta, fushin ya ɗan lafa, don ita ba ta ɓoye masa komai ba. Ya nuna kwandon ya nuna bakinsa. Ta ɗaga hannu alamar ya tafi da shi.

A bas ba wanda ya zauna kusa da su. Kwandon na kan cinyarsa, ruwan inabi na ɗiga a farar jallabiya. Hanyar ta ci gaba da murɗawa tana gangarawa kogi. Ciwon gefen cikin ya dawo, wannan karon da ƙarfi, har sai da ya dafe wurin. Suhaib ya gani, ya zabura ya ciro ƙwaya da ruwa tun ba a tambaye shi ba. A aljihun gaba take, a shirye.

Abdussamad ya dubi ƙwayar. Ya tuna yadda ɗan ya rikice da ya ga ya saɓa kwando, ba giya ya ambata ba, nauyi ya ambata. Ya tuna likita yana ta zuba magana mai tsawo, aka mayar masa da ita kalma uku. Ya tuna Ƙaltume, wadda ko masallacin Ƙuba da ke nan Madina zai je sai ta yi ƙorafi, ita ce ta ce je ka, kuma ranar tafiya ta shige ɗaki ba ta rako shi ƙofa ba.

Wannan karon bai ɗaga murya ba, abin da Suhaib bai taɓa gani ba.

"Maganar likita. Ka ce ya ce gajiya ce. Ita ma zabibi ce?"

Suhaib ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suka fara rawa. Can ya yi magana, kuma da Hausa ya yi ta, Hausar da rabonsa da ita tun yana firamare. "Baba, ka yafe mini. Ciwon a hanta yake. Ya ce watanni suka rage."

Bas ta tsaya a bakin kogi. Fasinjoji suka bi tuta suka hau gadar jirgi ɗaya bayan ɗaya. Abdussamad ya sauko, ya ajiye kwandon a kan dakalin siminti, ya zauna kusa da shi. Mai jagora ta ƙirga mutanenta ta ga babu goma sha huɗu da goma sha biyar, ta dawo tana nuna agogo.

"Abuya, jirgi zai tashi."

"Ya tashi mana. Ina ya nufa, gaba ko baya?"

"Gaba. Saura kwana biyar."

"Kakana shekara bakwai ya yi yana tafiya a ƙasa don ya mutu a Madina. Kai ka san an ƙirga mini kwanaki, ka ɗauko ni a jirgin sama ka fito da ni daga cikinta, ka kawo ni gidan giya. Ka so in yi dariya? In na faɗi a nan, a wace gonar za ka binne ni?" Muryar ta dawo, har ma'aikatan jirgi suka leƙo. "Shiga ka kwaso mana fasfo da kaya. Ka nemo mota zuwa filin jirgi. Ƙafata ba za ta ƙara taka wannan abin ba. Wannan kuma ka miƙa wa masu dafa abinci, ka ce a wanke a ci. A ci na ce, da haƙori!"

Suhaib ya ɗauki kwandon ya haye da gudu, babban injiniya, hawaye shaɓe-shaɓe. Ya fito da jakunkuna biyu, aka janye gada, jirgi ya yi ƙaho ya ja. Wasu daga sama suna ɗaga musu hannu, tsohon bai ko kalle su ba.

Ya sauka matakalar kogi ya wanke hannuwansa. Ya cuɗa, ya sake cuɗawa, jan bai fita daga tsagar ƙayar dabino ba. Ya yi alwala ya hau, ya kwance rawani ya shimfiɗa a ƙasa, don azahar ta wuce shi a gona ga la'asar ta yi. Suhaib ya yi maza ya ciro waya ya duba.

"Alƙibla nan ce, Abuya."

Abdussamad bai kalli yatsan ba. Ya ɗaga kai ya nemi rana, ya ga inda ta karkata, ya duba inuwar sandar fitila a kan siminti. Ya daɗe yana lissafinsa. Sannan ya juya wa rana baya, ya ɗan karkata dama, ya gyara shimfiɗa.

Daidai inda Suhaib ya nuna ne. Amma sai da ya duba da kansa, kuma Suhaib yana tsaye yana kallo.